Yadda ake jona fanka a madabod ɗin kwamfutar tebur

Tambayar nan ta yi yawa a saƙonnina, to ga matakan:

1. Kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bango.
2. Kwance murfin gefe.
3. Taɓa ƙarfen akwatin, don cajin da ke jikinka ya fita.
4. Haska tocila ka karanta ƙananan rubutun da ke kusa da soket-soket a kan madabod, wato babban allon da ke cikin akwatin. CPU_FAN na fankar firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) ne kaɗai. SYS_FAN ko CHA_FAN na fankokin akwati ne.
5. Duba kibiyar da ke gefen fankar, ita ke nuna inda iska ke bi. Fankar gaban akwati ta shigo da iska, ta baya ta fitar.
6. Ɗaure fankar da sukurorinta huɗu.
7. Daidaita tsagar kan wayar da ɗan harshen robar soket ɗin, ka tura a hankali. Mai rami 3 tana zama a soket mai allura 4, ɗaya ta rage a waje, ba matsala.

Hattara: a nan ake ɓarna. Soket ɗin fitilun RGB (fitilun ado masu launuka) shi ma allura 4 gare shi, amma ba shi da harshen robar. In waya ta ƙi shiga, kada ka danna da ƙarfi.

8. Kada ka tara fankoki da yawa a soket guda, galibi wutar amfiya 1 kawai yake ɗauka.
9. Ɗaure wayoyin nesa da fuka-fukai. Na taɓa kwana ina neman wani "ƙar-ƙar-ƙar", ashe waya ce ke goga.
10. Kunna, ka tabbatar kowacce tana juyawa kafin ka rufe murfin.