Yadda nake bin gada ranar da iskar hunturu ta taso

Yawancin abokan farautata in suka ji iska tana kaɗa rufin kwano da asuba, sai su ja bargo. Ni kuwa ranar nake fita, domin busassun ganyen da ke tona asirin maharbi a watan Janairu, ranar ƙugin iska ya rufe ƙararsu.

Kafin ka taka daji, san inda iskar ta dosa. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, amma cikin kwari da gindin dutse tana juyawa. Kawuna ya koya mini ƙulla toka a tsumma mai laushi. In na yi ɗan tafiya sai in girgiza, in ga inda tokar ta nufa. Ka sa iskar ta riƙa bugun fuskarka. In ta bugi ƙeyarka, gada ta riga ta ji warinka, ko da ka yi wanka da ganye. Sabulu mai ƙamshi da taba kam ka bar su a gida.

Kada ka ɓata ƙafa a fili. Iska mai ƙarfi tana hana gada jin motsin abin da zai cuce ta, don haka takan shige inda ke da kariya: bayan tsauni, cikin kwazazzabo, ko kurmin geza a bakin rafi. In akwai kanya ko magarya kusa, duba ƙasa, iska ta kakkaɓo 'ya'yan, kuma gada tana son su. Nemi sawu da sabon kashi. Ka yi taku lokacin da iskar ta ƙugo, ka tsaya cak in ta lafa. Nan ne haƙuri ke ƙare wa yara.

Ka matsa sosai kafin ka harba. Iska tana kautar da kibiya, ni ba na sakin tawa in nisan ya wuce taku 20. Dabbar da aka ji wa ciwo ta ɓace a daji, alhakinta na kanka.

Cikin hazo kada ka harbi motsi sai ka ga jiki sarai, don makiyaya da masu itace suna cikin dajin. Wuta kuma ko ta gasa rogo kada ka hura, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye amfanin da ba a kwashe ba. Gandun gwamnati irin Yankari ba a farauta a ciki. Barewa ma ta yi ƙaranci, in na gan ta sai in sauke bakana in bar ta ta wuce.