Yadda za ka yi binciken ruwa na memuwar ɗinka ba tare da ka ɓata damana ba

Ƙannena ƴan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da suka zaɓi ruwa, ambaliya ko fari a matsayin batun memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, ku zo mu yi magana, don na ga da yawa sai an kusa sutunans, ranar kare kundin gaban malamai, sannan suke fara neman alƙaluma, alhali ruwan Agusta ba ya jiran sa hannun malaminka.

Ka taƙaita wurin tukuna. "Canjin yanayi a Nijar" wannan aikin AGRHYMET ne, cibiyar nazarin yanayi da ruwa da ke can Yamai, su da ma'aikata da motoci. Kai ka ɗauki rijiyoyi biyar ko shida a bakin Gulbin Maradi, misali wajen Jiratawa ko Madarunfa, ka ƙara biyu a kan tudu don kwatance. Gulbin nan daga Najeriya yake fitowa, kuma akwai madatsar Jibiya a samansa, saboda haka in ka ga ruwa ya ragu kar ka yi saurin ɗora wa sama laifi duka.

Kafin ka taɓa igiya ka je ka gaida mai gari, ka faɗi abin da ya kawo ka. In ba haka ba za a ga baƙo yana zura abu a rijiya da asuba, ka san sauran zancen.

Awon rijiyar shi ne inda ake faɗuwa. Ka samu igiya da ɗan ƙarfe a bakinta da mita irin ta magina, ka ɗiga fenti a bakin rijiyar, kullum daga wannan ɗigon za ka auna. Kuma da asuba, kafin mata su fara ja. Ni a shekarata na auna wata rijiya da hantsi, sati na gaba na auna ta da sassafe, sai na ga wai ruwa ya hau, har na fara murna na samo sakamako, ashe guga ce kawai ta sauke shi a awon farko kafin ya sake tarowa. Awon sati biyu na zubar. Ka fara tun watan Mayu rijiya na ƙasa, ka bi ta sati-sati har bayan girbi, ka rubuta a kaye da biro, waya tana mutuwa.

Ruwan sama kuma, gwangwani mai miƙaƙƙen jiki ya isa in babu ma'auni, ka kafa shi nesa da gawo da katanga, ka duba kowace safiya lokaci ɗaya. Milimita 1 lita 1 ce a kan murabba'in mita guda. Na shekarun baya ka nema wurin ƴan meteyo da takardar jami'a, ko ka sauke CHIRPS, ƙiyasin ruwan sama na tauraron ɗan adam, a intanet kyauta, yana farawa daga 1981. Jimlar shekara tana ruɗi fa, ka duba kwana nawa aka yi babu ruwa bayan shuka, da kuma nawa ya zuba a rana guda, don irin wannan ne ya rushe gidaje a cikin garin Maradi a ƙarshen Agustan 2024.

Sai tsofaffi. Kar ka tambaye su shekara, ba haka suke lissafi ba, ka ce Baba lokacin El Buhari ina ruwan rijiyar nan yake, kai ka san yunwar 1984 ake nufi. Za su ce maka gaba kaza, to ka auna gabar mutumin da mitarka don gabar dogo daban ta gajere daban. Matan ma ka zauna da su, su ne suka san watan da guga ke fara kwaso laka. In ambaliya kake bi, ka sa a nuna maka shatar ruwa a jikin bango ka ɗauki hoto da mita a jingine, ka ɗauki GPS na wurin, daga baya ka zuba a QGIS, manhajar zana taswira. Kuma ka tuna Maradin kanta ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashe ta daga kwari zuwa tudu, tsofaffin unguwanni suna da labarin.

Kuɗin kabu-kabu ka ware shi tun yanzu, cikin Agusta wasu hanyoyin sai dai ka cire takalmi.