Kek ɗin cakulan wanda ba fulawa a ciki, na suna ko sallah

Ranar da na fara yin kek ɗin nan yayata ta leƙo kicin ta ce ke kin manta fulawa fa, na ce Yaya ban manta ba haka ake yin shi. Ƙwai ne ke riƙe shi gaba ɗaya, shi ya sa cikin sa yake fitowa da danshi da nauyi yana narkewa a baki. Mutanen tsibirin Kafri a Italiya suna da irin nasu, su garin almon suke zubawa, ni in na so haka gyaɗa soyayya nake niƙawa kamar giram 100 in zuba, amma ko babu yana yi.

Ki nemi cakulan mai ɗaci giram 200, wanda aka rubuta kashi 60 ko 70 a jikin takardar sa, bota giram 150, siga giram 150, ƙwai 5, garin koko cokali 3 da ɗan gishiri. Garin koko na kek nake nufi don Allah, ba Milo ko Bournvita ba, waɗannan siga da madara sun yi musu yawa, zaƙi kawai za ki samu.

Ki fara da gwangwanin, mai faɗin inci 8, ki shafe shi da bota ki shimfiɗa takardar gashi a ƙasa don wannan kek ɗin akwai kamawa. Sai ki ɗora ruwa kaɗan a tukunya, in ya yi zafi ki rage wuta ki ɗora kwano a bakin tukunyar yadda gindin kwanon ba zai taɓa ruwan ba, ki kakkarya cakulan ki haɗa da bota su narke kina juyawa. Kar ɗigon ruwa ya faɗa ciki, cakulan na iya dunƙulewa. In ya narke ki sauke ya sha iska ya zama ɗumi ɗumi, ki raba kwaiduwa da farin ƙwan, ki zuba rabin sigan da kwaiduwar ɗaya bayan ɗaya, ki tankaɗa garin koko a kai ki juya.

To a farin ƙwai ne aikin yake. Kwanon ya zama busasshe ba maiƙo, kuma kwaiduwa ko ƙanƙanuwa ta faɗa ciki wallahi sai ki gaji da bugu bai tashi ba, shi ya sa nake fasa kowane ƙwai a ƙaramin kofi tukuna. Ki buga da miksa har ya yi kumfa, ki riƙa zuba sauran sigan kaɗan kaɗan har ya yi fari tas yana sheƙi, in kin ɗaga bakin miksan ya yi tsini ya ɗan lanƙwasa. Da hannu ma yana yi sai dai kafaɗa za ta faɗa miki. Ki ɗebi kashi ɗaya cikin uku ki juya a cakulan ɗin ya saki, sauran kuma a hankali, ki riƙa ɗebowa daga ƙasa kina kifawa sama, iskar da ke cikin kumfan nan ita ce za ta ɗaga miki kek ɗin, in kika tuƙa shi kamar tuwo ta tafi kenan.

Ki juye a gwangwanin ki sa a obin, digiri 170 na Salshiyos (°C), minti 30 zuwa 35. In tukunya da yashi kike gashi ki bari yashin ya yi zafi kamar minti 10, wuta ƙasa ƙasa, kuma ki daina yawan buɗewa. Gefe ya kama, tsakiya tana ɗan rawa in kin girgiza, ki sauke. Kar ki jira tsinke ya fito fes, in ya fito fes kin busar da shi.

Yana hucewa zai zauna, saman ya tsattsage, kar hankalin ki ya tashi haka yake, ki barbaɗa garin koko a kai. Ni jajibirin taro nake yi ya kwana a firij, in ba wuta ya huce sosai a rufe kafin a taɓa. Wajen yanka ki tsoma wuƙa a ruwan zafi ki goge kowane yanka, sirara za ki yi don yana da nauyi, gwangwani ɗaya yana ba ni yanka 12, kuma na maigida da na Hajiya nake fara cirewa in ɓoye kafin yara su gani.