Kurakuran da Ɗalibanmu Suka Fi Yi Wajen Taƙaita Darasin Indiya

Ɗalibin da ya zauna karanta wani abu game da Indiya, ko a sashen tarihi yake, ko na shari'a, ko adabi, ko kuwa shirin tafiya can karatu yake yi, da wuya ya zo da kai fanko. Akwai wata Indiya da ya riga ya ɗauko daga fina-finai tun yana yaro: harshe ɗaya, addini ɗaya, babban gida ɗaya mai kaka da surukai, ga ruwan sama ana rawa a ciki. Daga nan yawancin kurakurai ke fitowa. Idan ya zo taƙaita darasi a littafinsa, sai ya yi wa ƙasa mai mutum fiye da biliyan 1.4 kuɗin goro. Na sha duba irin waɗannan littattafai, kuma jimlar da ta fi tayar mini da hankali ita ce wadda ta fara da "A Indiya ana…" ba tare da an faɗi ina, ko yaushe, ko su wa ba.

Za ka ga an rubuta cewa Hindi ne harshen ƙasar Indiya, Hindu kuma addininta. Duka biyun ba daidai ba ne. Tsarin mulkin Indiya bai ba kowane harshe muƙamin harshen ƙasa ba. Hindi harshen aikin gwamnatin tarayya ne, tare da Ingilishi, kuma akwai harsuna 22 da kundin ya lissafa. A ƙidayar 2011 waɗanda suka ce Hindi ne harshensu na gado ba su kai kashi 44 cikin ɗari ba. Mutumin Chennai da ke Tamil, da na Kerala da ke Malayalam, harsunansu ko dangi ɗaya ba su haɗa da Hindi ba. Addini kuwa, ƙidayar ta nuna 'yan Hindu kusan kashi 80, Musulmi kashi 14.2, wato wajen mutum miliyan 172, sai Kirista da Sikh da Buddha da Jain. Gwamnati ba ta da addinin hukuma.

Wannan kuskuren shi ke bin ɗalibi har cikin adabi. Ya rubuta "adabin Indiya" alhali littattafan Sanskrit kaɗai ya karanta. Rabindranath Tagore, wanda ya ci kyautar Nobel a 1913, da Bengali yake rubutu, kuma waƙoƙinsa ne suka zama taken ƙasa a Indiya da Bangladesh. Premchand da Urdu ya fara kafin ya koma Hindi. Labarin Ramayana ma ba guda ba ne: akwai na Valmiki da Sanskrit, akwai na Kamban da Tamil, akwai na Tulsidas da Awadhi a ƙarni na 16, kuma ba su zo ɗaya a kowane lungu ba. Don haka duk littafin da ka rubuta sunansa, ka ajiye harshensa da zamaninsa a gefe. Wani abin da ake yawan rabawa alhali haɗe yake shi ne Bhagavad Gita: baiti 700 ne a babi 18, kuma yanki ne a cikin Mahabharata. Mai karatun Larabci a cikinmu zai ji daɗin sanin cewa Kalila wa Dimna da ya sani a zaure tushenta Panchatantra ce ta Indiya, ta biyo ta tsohon harshen Farisa har Ibn al-Muƙaffa ya juya ta Larabci a ƙarni na 8.

A tarihi, suna ne ke fara ruɗa mutane. Indira Gandhi ba 'yar Mahatma Gandhi ba ce, ba kuma jikarsa ba. 'Yar Jawaharlal Nehru ce, firaminista na farko, ta samo sunan ne daga mijinta Feroze Gandhi. Shi kuwa Mahatma bai taɓa riƙe kujerar gwamnati ba har aka harbe shi ranar 30 ga Janairu, 1948. Sai ranaku biyu da ake cakuɗawa: 15 ga Agusta, 1947 ranar 'yanci ce, 26 ga Janairu, 1950 kuma ranar da tsarin mulki ya fara aiki, Indiya ta zama jamhuriya. Wanda ya shugabanci kwamitin tsara daftarin shi ne B. R. Ambedkar.

Haka nan ba duk sarki Musulmi ne Mughal ba. Sarakunan Delhi sun yi mulki daga 1206 zuwa 1526, shekarar da Babur ya ci yaƙin Panipat ya kafa daular Mughal. Kafin duk wannan, fataken Larabawa sun daɗe suna sauka a gaɓar Malabar ta kudu, Muhammad bin Ƙasim kuma ya shiga Sindh a farkon ƙarni na 8. Wanda ya rubuta cewa Mughal ne suka kai Musulunci Indiya ya yi tsallaken shekaru ɗari takwas. Taj Mahal da ke Agra kabari ne, Shah Jahan ya gina shi don matarsa Mumtaz Mahal wadda ta rasu a 1631. Akwai masallaci a harabar, amma shi farin ginin ba masallaci ba ne, ba kuma fada ba.

Mulkin Turawa ma hawa biyu ne. Kamfanin East India, wanda aka ba izini a 1600, shi ya fara cin ƙasa bayan yaƙin Plassey na 1757. Sai bayan boren 1857 ne gadon sarautar Ingila ya karɓi ragama a 1858. Ko a lokacin, masarautu fiye da 500, irin su Hyderabad da Mysore, suna hannun sarakunansu a ƙarƙashin idon Bature. Ɗalibin Arewa ba zai ji wannan tsari baƙo ba, kuma ba mamaki, domin Lugard kansa a Madras aka haife shi a 1858. Goa kuwa tana hannun Fotugal har 1961.

Inda na fi so a tsaya a yi hankali shi ne dokar iyali, domin nan ne kuskure ke da tsada a jarrabawa, nan ne kuma ake yi wa mutane mummunar fahimta. Indiya ba ta da dokar aure guda ga kowa. Dokar Auren Hindu ta 1955 ta shafi 'yan Hindu da Sikh da Buddha da Jain, kuma ta hana auren mace fiye da ɗaya. Musulmi suna ƙarƙashin dokar 1937 da ta ce a yi musu hukunci da Shari'a a aure da saki da gado. Kirista suna da tasu ta 1872, Farsi mabiya Zoroaster suna da ta 1936, sannan akwai dokar 1954 ga masu son aure a gaban hukuma ba tare da duba addini ba. Sashe na 44 na tsarin mulki ya ce gwamnati ta yi ƙoƙarin samar da doka ɗaya ga kowa, amma shawara ce, kotu ba ta tilasta ta. Goa tana da kundinta da ta gada daga Fotugal, jihar Uttarakhand kuma ta fara aiki da nata kundin bai-ɗaya a Janairun 2025. Saboda haka tambayar "me doka ta ce kan saki a Indiya" ba ta da amsa sai an faɗi su waye ma'auratan, kuma a wace jiha suke.

Ga wani layi da na gani a littafin wata ɗaliba, an ja masa jan biro har sau biyu don muhimmanci: "An haramta sadaki a Indiya tun 1961." Abin da dokar 1961 ta haramta shi ne dahej, dukiyar da dangin ango ke nema daga iyayen amarya a matsayin sharaɗin aure. Dokar ta fito fili ta ce ba ta shafi mahar na Musulmi ba. Idan ana neman abin da ya ɗan yi kama da shi a wurinmu, kayan ɗaki da gara sun fi kusa, amma kama da wane ba ta wane, domin can ana iya ci gaba da matsa wa yarinya lamba bayan ta tare, a ce ta koma gida ta karɓo mota ko kuɗi. Abin ya yi muni har a 1986 aka ƙara sashe na musamman a dokar laifuka: idan mace ta mutu ta hanyar da ba ta saba ba cikin shekara bakwai da aure, aka kuma tabbatar ana gallaza mata kan dahej gab da mutuwar, hukuncin ba ya gaza ɗaurin shekara bakwai. Gyaran layin ɗalibar shi ne ta rubuta wanda ke bayarwa, da wanda ke karɓa, da wanda aka cire daga dokar.

Irin wannan gajarcewar ce ke sa a rubuta "Indiya ta hana Musulmi saki". Abin da Kotun Ƙoli ta soke a Agustan 2017, a shari'ar Shayara Bano, da rinjayen alƙalai uku cikin biyar, shi ne saki uku a zama ɗaya. A 2019 majalisa ta mayar da furta shi laifi mai ɗaurin da zai kai shekara uku. Sauran hanyoyin saki suna nan. Kada kuma a haɗa ta da shari'ar Shah Bano ta 1985, wadda ke kan ciyar da macen da aka saka. Sunayen ne kawai suka yi kama.

Akwai doka ɗaya da nake ganin ya kamata kowane ɗalibin shari'a na ƙasar Hausa ya san ta, wato ta 1939 kan raba auren Musulmi. Galibin Musulmin Indiya Hanafawa ne, kuma a mazhabar yadda ake aiki da ita a lokacin, ƙofar da mace za ta bi ta fita daga aure ta yi ƙunci ƙwarai, har wasu matan suka riƙa barin addini don kawai igiyar ta tsinke. Malamai irin su Ashraf Ali Thanwi suka nemi mafita a fiƙihun Malikiyya. Dokar da ta fito ta ba mace damar zuwa kotu idan miji ya ɓata shekara huɗu, ko ya daina ciyarwa shekara biyu, ko aka ɗaure shi shekara bakwai ko fiye, ko yana cutar da ita. Wanda ya karanta Risala da Mukhtasar zai gane hannun da ke ciki.

Kan gado, kada a tsaya a dokar gadon Hindu ta 1956. Gyaran 2005 ne ya ba 'ya mace Hindu haƙƙi daidai da na ɗa namiji a dukiyar kakanni. Kuma ba kowane gida ke bin tsatson uba ba. Ƙabilar Khasi a Meghalaya ta uwa suke bi, auta mace ce ke riƙe gidan gado. Batun aji kuwa, wato matsayin da mutum ke gada ta haihuwa (caste), sashe na 17 na tsarin mulki ya haramta ƙyamar taɓa wasu mutane ne, bai shafe tsarin aji ba, kuma bayan manyan rukunan nan huɗu da ake haddacewa akwai dubban ƙananan jati, waɗanda su ne ke tasiri a aure da siyasa.

Yanayi ba ya bukatar dogon bayani. Daminar kudu maso yamma takan sauka Kerala wajen 1 ga Yuni ta ja har Satumba, amma Tamil Nadu ta fi samun ruwanta tsakanin Oktoba da Disamba. Garin Mawsynram da ke Meghalaya na samun ruwan sama fiye da milimita 11,000 a shekara, hamadar Thar kuwa ƙeƙasasshiya ce. Tsaunin Everest ba a Indiya yake ba, Kangchenjunga ne mafi tsawo a can, mita 8,586. Kuma a bambanta damisa mai zane, wadda aka kafa shirin kare ta a 1973, da mai ɗigo-ɗigo da muka sani, da zakin Asiya da ya rage a dajin Gir na Gujarat kaɗai.

Kuskure na ƙarshe shi ne kwafar tsohon handawut ba tare da duba shekararsa ba. Jihohi yanzu 28 ne da yankunan tarayya 8. An cire Telangana daga Andhra Pradesh a 2014, an sauya matsayin Jammu da Kashmir a 2019. Bombay ta koma Mumbai, Madras ta koma Chennai, amma manyan kotunansu suna nan da tsofaffin sunaye, don haka kada ka "gyara" sunan kotu a rubutunka. Babban sauyin shi ne na dokar laifuka. Kundin 1860, wanda aka kwaikwaya a Sudan, daga can kuma aka ɗauko Final Kod ɗinmu na Arewa da ya fara aiki a 1960, ya sauka ranar 1 ga Yuli, 2024, an maye gurbinsa da Bharatiya Nyaya Sanhita. Lambobin sassa sun canja: hukuncin kisan kai ya tashi daga 302 ya koma 103, zamba cikin aminci ta tashi daga 420 ta koma 318. Laifin da aka aikata kafin wannan rana da tsohon kundi ake shari'arsa, saboda haka kada ka yage tsofaffin shafukanka. Ja layi ka raba shafin biyu, tsohuwar lamba a hagu, sabuwa a dama, ka rubuta ranar da aka aikata laifin a saman kowace shari'a da ka taƙaita.