Kurakuran da aka fi yi da sabuwar tayar babur, da wanda alhaki ke kansa idan an zame

Yawancin masu babur sun ɗauka cewa ranar da aka sa musu sabuwar taya ita ce ranar da babur ya fi riƙe ƙasa, kuma wannan zato shi ne tushen kusan duk kurakuran da ke biyo baya. A masana'anta ana gasa roba ne cikin wani mazubi na ƙarfe mai tsananin zafi, kuma cikin mazubin a goge yake sumul, don haka taya ke fitowa da fuska mai sulɓi da ƙyalli. Wasu kamfanoni kan shafa wani sinadari domin kada robar ta manne wa mazubin, sannan akwai kakin da ake haɗawa cikin roba don kare ta daga tsagewa, wanda kan taso saman taya idan ta daɗe a ajiye. Sai kwalta ta kankare wannan fuskar, ta mayar da ita ɗan kaushi, kafin taya ta soma riƙo yadda aka ƙera ta ta yi. Saboda haka ne kamfanin Dunlop ke ba da shawarar a yi tafiyar mil 100 ta farko, wato kusan kilomita 160, ba tare da jan totur da ƙarfi ko birki na gaggawa ko kwanciya sosai a kwana ba, kuma sauran manyan kamfanoni ba su yi nisa da wannan adadi ba.

Kuskure mafi muni yana faruwa ne a 'yan mitocin farko, lokacin fita daga wurin mai sa taya. Taya a nan sabuwa ce, ga ta da sanyi, mai yiwuwa da ragowar sabulun da aka shafa a bakinta don ta hau rim, sai mutum ya karya kwana ya shiga titi yana murɗa totur a lokaci guda, tayar baya ta fita daga ƙarƙashinsa kafin ya ankara. Gyaran wannan ba shi da wuya: a goge taya da tsumma mai tsabta, a ɓare takardar da aka liƙa a fuskarta, a fita a hankali babur yana tsaye sak, kada a ƙara wuta sai an miƙe hanya. Kafin ma a tayar da injin, ya kamata a matsa birkin gaba da na baya sau da yawa har sai sun yi tauri, domin idan an cire ƙafar babur mai birkin faifai, sau da yawa ana tura takalman birkin su ja baya, kuma matsawar farko ba ta kama komai.

Akwai kuma waɗanda suka ji maganar kilomita 160 suka riƙe ta, amma suka yi tafiyar gaba ɗaya a miƙaƙƙen titi, sannan suka ɗauka an gama. Abin da suka kankare tsakiyar taya ne kaɗai, gefunanta biyu suna nan da sulɓinsu kamar yadda suka baro masana'anta, kuma a kansu babur ke hawa duk lokacin da ya kwanta. Hanyar da ta dace ita ce a nemi titi busasshe mai kwanoni masu sauƙi, a riƙa ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan, ta yadda kowane lokaci mafi yawan robar da ke taɓa ƙasa wadda ta riga ta kankaru ce, sabon wurin kuwa siriri ne. Idan aka tsaya aka duba, za a ga iyaka a fili tsakanin inda ya yi kaushi da inda yake ƙyalli. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne siffar taya ta canja: tsohuwa ta baje a tsakiya saboda cinyewa, mutum ya saba danna ta da ƙarfi kafin ta shiga kwana, sabuwa kuwa zagayayya ce, da an ɗan taɓa ta sai ta faɗa. A ganina, faɗuwa da dama da ake ɗora wa santsi daga wannan rashin sabo take zuwa.

Daga nan sai masu neman gajeriyar hanya. Wasu kan wanke taya da fetur ko kananzir da nufin cire santsi, alhali waɗannan suna lalata roba. Wasu kan goge ta da sanfefa, wanda ko ya rage ƙyalli ba ya maye gurbin tafiya da zafin da taya ke buƙata ta zauna daidai a kan rim. Wasu kan rage iska da sunan ƙara riƙo, abin da ke sa taya ta yi zafi fiye da kima, babur ya yi nauyin juyawa. Iska ita ce wadda kamfanin babur ya rubuta, a auna ta da geji taya tana sanyi, a kuma sake aunawa bayan tafiyar farko. Man da ake fesa wa tayar mota don ta yi baƙi wuluk bai kamata ya kusanci tayar babur ba ko kaɗan. Kaɗa babur hagu da dama a kan titi kuma, kamar yadda ake gani a filin tsere, ba ya ɗumama taya yadda ake zato. Tafiya ta yau da kullum, da ƙara gudu da ragewa a hankali babur na tsaye, ita ce ke lanƙwasa jikin taya ta haifar da zafi. Idan ruwan sama ya sauko a waɗannan kwanaki, a ninka hattara a kan fentin titi da murfin ƙarfe na magudanar ruwa.

Batun alhaki shi ne inda ake yawan musu, kuma a nan ma akwai kuskure iri biyu: mai babur ya ɗora komai a kan wanda ya sa taya, ko mai sa taya ya wanke hannunsa da zarar an biya shi. Sulɓin sabuwar taya ba aibi ba ne, hali ne sananne na kayan, wanda kamfanoni ke rubuta gargaɗi a kansa. Don haka wanda ya ja totur a kwanar farko ya faɗi, kaso mafi girma na alhakin nasa ne, domin gudu da kwanciya da birki duk a hannunsa suke, kuma idan ya ɗauko fasinja ko ya buge wani, shi za a fara tuhuma. Mai sa taya kuwa alhakinsa yana kan aikin hannunsa: ya bi kibiyar da ke gefen taya mai nuna inda za ta juya, ya sa girman da ya dace da rim, ya ɗaure noti yadda ya kamata, ya daidaita kaca, ya goge sabulu ko maiko, ya kuma faɗa wa mai babur da baki cewa tayar sabuwa ce, a lallaɓa ta. Idan ya sa ta a juye, ko ya bar maiko a faifan birki, wannan sakaci ne nasa, ba a kiransa santsi. Haka ma wanda ya ba da aron babur, ko mai kamfanin da ya miƙa shi ga ma'aikaci, ba tare da ya ambaci cewa jiya aka canja taya ba, yana da nasa rabon, tunda ya san abin da mahayin bai sani ba.

Kamfanin da ya ƙera taya yana shigowa ne idan akwai aibi na gaske, kamar fuskar taya ta rabu da jikinta ko ta kumbura ba tare da ta bugi komai ba. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun dokar 1985 kan kaya masu aibi, wanda ya ji rauni ba sai ya tabbatar da sakacin kamfani ba, ya isa ya nuna aibin da cutarwar da alaƙar da ke tsakaninsu, kuma Birtaniya ta sa irin wannan a dokarta ta kare masu saye ta 1987. Kotuna a ƙasashe da yawa kan raba laifi, su rage diyya gwargwadon gangancin wanda ya faɗi. Mai sayarwa shi ma yana da abin amsawa idan ya sayar da tsohuwar ajiya da sunan sabuwa, kuma ana gane wannan daga lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen taya: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kuskuren da ke rushe kowace irin ƙara shi ne a jefar da tayar bayan haɗari, ko a mayar wa wanda ya sa ta ya cire ba tare da shaida ba. A ajiye ta a kan rim ɗinta yadda take, a ɗauki hoton kibiya da lambobin da wurin da aka zame, a adana rasit, sannan a sanar da kamfanin inshora kafin a taɓa babur da gyara.