Kurakuran da Malaman Kimiyya Suka Fi Yi Wajen Bayar da Maki, da Yadda Za a Gyara Su

A yawancin makarantun sakandaren Nijeriya, sakamakon ɗalibi na ƙarshen zango daga hanya biyu yake fitowa. Akwai makin CA, wato gwaje-gwaje da aikin gida da ake tarawa cikin zango, wanda yakan kai 30 ko 40, sai jarabawar ƙarshe ta cike ragowar zuwa 100. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ce ta kafa wannan tsari, kuma dalilinsa mai kyau ne: kada a yanke wa yaro hukunci da abin da ya rubuta cikin awa biyu kacal. Amma duk malamin da ya daɗe a aji ya san yaron da yake kwasar 78 a Kemistiri kowane zango, ranar da sakamakon WAEC ya fito sai a ga D7 ko F9, wato sakamako mai rauni ko faɗuwa. Iyaye su ce an zalunce shi. Sau da yawa ba a zalunce shi a can ba, makinmu ne na makaranta ya daɗe yana ba da labarin da ba gaskiya ba. Abin da nake so mu duba ke nan, 'yan'uwana malamai.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne malam ya zura wa amsar ƙarshe ido, ya manta da hanyar da yaro ya bi. Ga misali. An ba 'yan SS1 tambaya: dutse mai nauyin giram 54 an saka shi cikin kwalbar awo, ruwa ya tashi daga 50 zuwa 70, a nemo densiti ɗinsa. Yarinya ta farko ta rubuta ƙa'idar daidai, cewa nauyi ake rabawa da girman wurin da abu ya cika. Ta gane cewa tashin ruwan nan shi ne girman dutsen. Sai wajen ɗebe 50 daga 70 ta rubuta 30, don haka amsarta ta fito 1.8, har da alamar ma'auni a gefe, wato abin da ke nuna da me aka auna, kamar giram ko mita. Na biyu bai rubuta komai ba sai 2.7 tsirara, ba ƙa'ida, ba lissafi, ba ma'auni. Malam mai sauri zai ja wa ta farko jan biro ya ba ta sifiri, ya ba na biyu maki biyar cif. To wa ya san Fiziks a cikinsu? Yarinyar ta nuna ta fahimci komai, ɗebewa ce kawai ta kuɓuce mata. Shi kuwa ba mu da wata hujja cewa ba leƙen takardar na kusa da shi ya yi ba.

Gyaran wannan yana farawa tun kafin a shiga aji da tambayoyin. Malam ya zauna ya amsa tambayar da kansa, ya rarraba makin mataki-mataki: ɗaya na ƙa'ida, ɗaya na gano girman dutsen, ɗaya na saka lambobi a gurbinsu, ɗaya na amsa, ɗaya na ma'auni. Da wannan rabon, yarinyar za ta tashi da uku ko huɗu, yaron kuma da ɗaya. Kuma idan kuskure ɗaya ya biyo yaro zuwa mataki na gaba, kada a hukunta shi sau biyu a kan abu guda. Masu gyaran takardun WAEC da NECO da irin wannan takardar rabon maki suke aiki, don haka yaron da ya saba da ita tun SS1 ya riga ya san cewa kowane layi da ya rubuta yana da daraja.

Batun ma'auni kuwa kada a yi masa sassauci. Lamba ba tare da ma'auninta ba rabin amsa ce, kuma rahoton da manyan masu gyaran jarabawa na WAEC suke fitarwa bayan kowace jarabawa yakan koka da wannan sakaci. Idan ba mu cire makinsa a aji ba, wani zai cire a ranar da ba gyara.

Sai firaktikal, wato aikin gwaji da hannu, inda ɓarnar ta fi yawa. Darussan kimiyya a WAEC takarda uku ne: ta zaɓi, ta rubutu, da ta aikin hannu. Amma a makarantu da yawa yaro ba ya taɓa biyuret, wato dogon bututun gilashi mai layukan awo da famfo a ƙasa, sai saura mako biyu ko uku jarabawa, kuma makin firaktikal da aka rubuta masa a shekara biyun baya na kwafar allo ne. Malam ya zana jadawali, ya cike lambobin da kansa, ɗalibai saba'in su kwafa, kowa ya samu takwas cikin goma. Wanda ya buɗe littattafan zai ga duk ajin sun samu 25.00 a taitireshan, wato gwajin ɗiga asid cikin alkali har launi ya juya, abin da ba ya faruwa idan da gaske hannaye daban-daban ne suka buɗe famfon biyuret suka rufe.

Abin da ya kamata a ba maki a nan sananne ne. Shin yaro ya rubuta karatun biyuret da lamba biyu bayan ɗigo, kamar 24.30 da 24.40? Shin karatun da ya ɗauki matsakaicinsu sun yi kusa da juna, bambancinsu bai wuce 0.20 ba? Ya tsaya a daidai lokacin da launin ya juya, ko kuwa ya bari asid ya zuba har ya wuce? A Fiziks, ya sa suna da ma'auni a jikin layukan giraf ɗinsa? Ya zaɓi sikelin da zai cika fiye da rabin takardar? Ya ja miƙaƙƙen layin da ya fi dacewa da ɗigogin, ko ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karkacewa? A Bayoloji, zanen da ya fi kyau a ido ba lallai shi ne ya fi maki ba. Ana son layi siriri guda ɗaya da fensir mai tsini, ba shafe-shafen inuwa, layukan suna a ja su da rula kada su gitta juna, a sa take, a rubuta ninki nawa zanen ya fi ainihin abin girma. Malamin da yake ba da cikakken maki don zane ya yi kama da hoto yana koya wa yaro abin da zai jawo masa asara.

Na san amsar da za a ba ni: ba kayan aiki. Gaskiya ne, kuma abin takaici ne. Amma akwai aikin da ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Zare, ƙaramin dutse, rula da agogon waya sun isa a yi gwajin lilo: a ɗaure dutsen a zare yana lilo, a auna lokacin kai-komo 20, a canja tsawon zaren sau biyar, a zana giraf. Ruwan zoɓo ja ne idan aka ɗiga masa lemon tsami, ya koma kore-kore idan ya haɗu da ruwan kanwa ko na toka, kuma da shi yaro zai ga bambancin asid da alkali da idonsa. A irin wannan aikin ne malam zai zagaya da 'yar takarda yana saka alama: wannan ya karanta rula idonsa daidai da layi, wannan ya manta ya maimaita awo. Makin da ya fito daga nan ya fi wanda aka kwafo daga allo gaskiya nesa ba kusa ba.

Idan kayan kaɗan ne aka raba yara rukuni-rukuni, a kula da wani abu. Yawanci mutum ɗaya ko biyu ne suke riƙe kayan, sauran takwas suna tsaye a baya, amma a ƙarshe kowa ya tashi da maki iri ɗaya. A raba makin gida biyu: rabi na aikin rukuni, rabi na tambaya ɗaya gajera da kowa zai amsa shi kaɗai kafin ya fita. Kuma a riƙa juya wanda zai riƙe kayan.

Akwai kuma kuskuren da ya fi ba ni ciwo, shi ne mayar da CA kyauta ko bulala. A ba da maki biyar don littafin rubutu ya cika, ko don yaro ya kawo tsintsiya, ko ya sayi takardun da malam ya buga. A cire goma don an yi surutu. Ladabi yana da muhimmanci, kuma takardar sakamako tana da gurbinsa daban. Amma idan aka cusa shi cikin makin Bayoloji, uban da ya ga 65 ba zai san ko ɗansa ya fahimci yadda jini yake zagaya jiki ba ne, ko kuwa yaro ne mai shiru kawai. Mafi muni shi ne malamin da bai yi gwaji ko ɗaya ba duk zango, sai ranar da ofis ya nemi sakamako ya zauna ya cike gurabe da ka, ya ba na gaban aji 28, na baya 17. Makarantu suna tura wa WAEC da NECO makin CA na ɗalibansu, don haka wannan ƙirƙira ba a cikin aji take tsayawa ba. Gwaji uku gajeru na minti goma sha biyar, a rubuta makinsu a ranar da aka gyara, sun wadatar.

Tambayoyin da muke yi su ma suna da laifi. Idan duk jarabawar "kawo ma'anar kaza" ce da "lissafo biyar daga cikin kaza", hadda muke aunawa. Yaro zai rero ma'anar osmosis, wato yadda ruwa yake ratsa siririyar fata zuwa ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa, kamar karatun allo, amma ka tambaye shi me ya sa yankakken tumatir yake fitar da ruwa idan aka barbaɗa masa gishiri, sai ya yi shiru. A kowace jarabawa a sa aƙalla tambaya ɗaya ko biyu da amsarsu ba ta cikin littafin rubutu kai tsaye.

Game da Turanci, a bambance abu biyu. Yaron da ya bayyana tunani daidai da karyayyen Turanci ya cancanci makin kimiyyarsa, domin ba darasin harshe ake gyarawa ba. Amma sunayen kimiyya, kamar sassan fure ko na zuciya, dole a rubuta su daidai, saboda a jarabawar ƙasa kuskuren harafi a irin waɗannan sunaye yana cin maki.

Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare, amma da yawanmu muna tsayawa gaban ninkin haka. Mai gyara takarda ɗari yakan fara da tsanani ya ƙare da gajiya, sai na farko ya sha wuya na ƙarshe ya sha daɗi. Dabarar da take taimakawa ita ce a gyara tambaya ta ɗaya a duk takardun kafin a koma ta biyu, kuma a naɗe wurin suna don kada sanin yaro ya rinjayi hannu. Idan an gama, a mayar da takardun cikin mako guda, tun yara ba su manta abin da suka rubuta ba. Ba sai an yi wa kowa dogon sharhi ba. Yayin gyara, malam ya ajiye takarda a gefe yana rubuta kuskuren da yake ta maimaituwa. Ranar rabon takardu ya ɗauki uku da suka fi yawa ya warware su a allo cikin minti goma, sannan ya ba da tambaya ɗaya mai kama da wadda aka faɗi, kowa ya sake gwadawa a wurin kafin a buga ƙararrawa.