Yadda mai ƙaramar sana'a a ƙauye zai shirya wa tallafin gwamnati

Sau da yawa kafin labarin tallafi ya isa ƙauyukan Ringim ko Sumaila, an riga an rufe karɓar sunaye. Mai ƙuli-ƙuli a cikin gida, da Bafulatana mai tallan nono, da mai buƙata ta musamman da ke gyaran takalmi, su ake tsallakewa. Shiri tun kafin a buɗe ake yin sa.

Fara da lambar NIN da ta BVN. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka, su zo daidai a duka biyun. A nan ake yawan faɗuwa: NIN na ɗauke da Hauwa'u Musa, banki ya rubuta Kulu Musa, kwamfuta kuwa ba ta san mutum ɗaya ba ce. A gyara tun yanzu. Asusun ajiya ya zama naka, da layin wayar da ke hannunka. Maigida, ka bar uwargida ta buɗe nata, don kuɗin mata da ya shiga asusun wani ba kasafai yake isa kaskon suya ba.

Sai rajista ta intanet da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i. In ba ka da babbar waya, yaran da ke cike fom a kasuwar Gujungu ko Wudil za su yi maka.

Na uku, ku haɗu. Mutum 10 sun isa kafa ƙungiyar gama kai. Ku je sakatariyar ƙaramar hukuma ku nemi jami'in ƙungiyoyi, ku riƙa rubuta taro da adashinku a littafi. Jami'an shirye-shirye irin su NG-CARES, shirin tallafi na gwamnati da Bankin Duniya, sun fi sauraron ƙungiya mai takarda.

Kafin ka sa hannu, ka tambaya: kyauta ce ko rance? TraderMoni, shirin da gwamnatin Buhari ta fara a 2018 don ƙananan 'yan kasuwa, rance aka bayar na naira 10,000 a matakin farko, wanda ya biya ne ya cancanci ƙari. Naira 50,000 da Gwamnatin Tarayya ta raba wa masu ƙananan sana'o'i a 2024 kuwa kyauta ce. In rance ne, ka ji ko akwai kuɗin ruwa da wa'adin biya.

Duk wanda ya ce ka kawo na goro ya sa sunanka, ko ya nemi lambar sirrin katinka, ka rabu da shi, ka sanar da mai unguwa ko dagaci.